Tambayoyi da amsoshi kan kalmar milk: ma'anarta, asalinta da yadda ake amfani da ita

Milk na cikin kalmomin Turanci da yaro ke fara hardacewa tun aji ɗaya na firamare, kuma ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san ta a jikin gwangwani. Shi yasa mutane ke ɗauka sun gama da ita, alhali kalma ce mai faɗi sosai. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wai milk madara ce ko nono?

In Bature ya ce milk kawai bai ƙara komai ba, to madara yake nufi, wato farin ruwan da aka tatso daga hantsar saniya bai yi tsami ba. In ta akuya ce ko ta raƙuma sai ya ambaci dabbar, goat's milk, camel milk.

Matsalar ita ce mu Hausawa mun fi su rarrabe abin nan, saboda muna zaune da Fulani kuma kullum ƙwaryar nono na wucewa ta ƙofar gidajenmu. Wadda aka tatso da safe madara ce, in ta kwana ta yi tsami ta koma nono, in aka bar shi da mansa ya kama ya yi kauri kindirmo kenan, in kuma an kaɗe man an tsinka shi ya zama tsala. Su a wajensu sai sun jingina wata kalma a gaba, su ce fresh milk, sour milk, fermented milk, ko su ari yoghurt wadda ita ma asalinta kalmar Turkiyya ce. To kaga in kana yi wa baƙo bayanin fura da nono ka ce masa millet and milk, abin da zai zo masa a rai madarar shayi ce, ba wannan tsamin mai sanyi da ake damawa da ludayi ba. Gara ka ce fermented milk, shi ya fi kusa.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, mu kalma ɗaya ce nono, ita ce gaɓar jikin mace ita ce kuma abin da jariri ke sha. Turanci ya raba su, gaɓar breast, abin sha breast milk, hantsar dabba kuma udder. Dakashi, wato nonon farko mai kauri mai ɗan rawaya da ke fitowa bayan haihuwa, shi ne likitoci ke kira colostrum.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Tsohuwar kalma ce ƙwarai, ba aro ba ce daga Faransanci ko Latin kamar dubban kalmomin Turanci. Ƙabilun da suka tsallako daga arewacin Jamus da Denmark zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5, wato Angles da Saxons da Jutes, da ita suka zo a bakinsu. A tsohon Turanci ana rubuta ta meolc a wasu yankuna, a wasu kuma milc. Ko da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066 suka cika harshen da kalmomin Faransanci, har naman saniya ya koma beef, cream ma ta shigo ta hanyarsu, ita milk ba ta gusa ba, don talaka mai kiwo ne ke faɗinta kullum.

In ka duba harsunan da suke dangi ɗaya da Turanci zaka ganta kusan yadda take. Jamusawa na cewa Milch, mutanen Holan melk, Sweden mjölk, Denmark mælk, Iceland mjólk, har tsohon harshen Goth da ya mutu tuntuni yana da miluks. Rashawa na cewa moloko, sai dai masana sun yi saɓani kan ko gado ne ko aro suka yi daga maƙwabtansu.

Abin da ya fi burge ni shi ne in aka ƙara komawa baya. Masana harshe sun bi sawun waɗannan kalmomi zuwa wani harshe da ba a taɓa rubuta shi ba, wanda ake ganin shi ne kakan yawancin harsunan Turai da Iran da arewacin Indiya, suka ce tushen kalmar wani abu ne kamar melg, ma'anarsa shafawa ko matsowa da hannu. Wato tun asali ba sunan ruwan ba ne, sunan aikin hannun mai tatsa ne, wannan jan da yake yi a kan hantsa daga sama zuwa ƙasa. Daga baya sunan aikin ya koma kan abin da ke zuba a ƙwarya. Shaidar tana nan a Latin inda mulgere ke nufin tatsa, da tsohon Girkanci inda ake cewa amelgein, su a can kalmar ta tsaya a aikin, ba ta koma sunan madarar ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka mutanen da suka fara furta ta makiyaya ne.

To me yasa Faransawa ke cewa lait, kuma ina lactose ta fito?

Wannan wani gida ne daban. A Latin madara lac ce, daga ita Faransanci ya samu lait, wanda 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi ke gani a jikin kowane gwangwani, Sifaniyanci leche, Italiyanci latte. Shi yasa in ka je Italiya ka ce a ba ka latte zallar madara za a kawo maka ba kofi ba. Turanci ya aro wannan tushen ne don kalmomin kimiyya da asibiti, lactose sikarin da ke cikin madara, lactation shayarwa.

Akwai waɗanda ma ba za ka zata ba. Latas ɗin da muke yankawa a salak daga lettuce ne, ita kuma daga lactuca ta Latin, saboda in ka karya tushen ganyen wani farin ruwa ne ke fitowa kamar madara. Fentin emulsion da masu fenti ke shafa wa ɗaki, sunan daga emulgere ne, wato tatsowa, don asalin kalmar ruwa ne mai kamar madara. Galaxy da ke cikin sunan wayoyin Samsung kuma daga gala ne, madara da Girkanci. Dalili shi ne wannan farin zanen taurari da ke ratsa sama in dare ya tsala a ƙauyen da ba wutar lantarki, mutanen da sun ga kamar madara ce aka zubar, Rumawa suka kira shi Via Lactea, Turawan Ingila suka ce Milky Way.

Tana da alaƙa da milk na Larabci, ko mulki da mallaka?

A'a, ba su haɗa komai ba, sauti ne ya zo ɗaya. Milk na Larabci dukiya ce ko abin da mutum ya mallaka, daga tushen da ya ba mu mulki da mallaka da sunan Malik. Madara a Larabci laban ce ko halib. A Alƙur'ani laban ta zo, kamar a Suratun Nahl aya ta 66 da Suratu Muhammad aya ta 15. Yau ɗin nan a Masar laban madara ce, amma a Siriya da Labanan laban kindirmo ne madara kuma halib, kaga su ma suna da irin namu na madara da nono.

Ya ake furta ta daidai?

Gaɓa ɗaya ce tak. Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a ƙarshen kalma ba wasali, shi yasa zaka ji ana cewa milik ko milki. Ka ɗora harshenka a bayan haƙoran sama a kan l ɗin, kar ka sake shi sai k ta fito. Wasu a Amurka da Kanada suna cewa melk, ba kuskure ba ne, karin harshen yankinsu ne.

Za a iya cewa a milk ko two milks?

A jarrabawa kar ka kuskura. Milk na cikin sunayen da ba a ƙirgawa, irin su water da rice, don haka sai dai ka ce some milk, a little milk, much milk, ba many ba. In kana son ƙirga to mazubin zaka ƙirga, a tin of milk, two sachets of milk, a glass of milk, three litres of milk. Ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki a WAEC da NECO, saboda a Hausa ba laifi ka ce wa mai shago ba ni madara biyu.

Amma a maganar baka zaka ji Bature a gidan shan kofi ya ce two milks, yana nufin ƙananan kwalaye biyu, haka in ana maganar iri-iri ana cewa plant milks. Ka san da su don ka gane in ka ji, ba don ka rubuta wa malami ba.

Na ji an ce they are milking him, me ake nufi?

Milk aikatau ce kuma, to milk a cow shi ne tatsar saniya, wanda ya wuce milked, wanda ake cikin yi milking. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa kamar dai yadda tatsa ta faɗaɗa a Hausa. In an ce ana milking ɗin mutum to ana tatsar kuɗinsa ne kaɗan-kaɗan ba tare da ya ankara ba, ko ya ankara amma ba yadda zai yi. Abin da muke kira saniyar tatsa su suna cewa cash cow, tsofaffin littattafai kuma milch cow, inda milch ɗin ke nufin saniyar da ke ba da nono.

Akwai wata ma'anar da mu ba mu cika amfani da tatsa a kanta ba. In wani abu ya samu mutum, misali ɗan ƙwallo an ɗan taɓa shi ya kwanta yana ta birgima don a ba abokin karawarsa kati, sai su ce he is milking it, wato yana jan abin yana ƙara masa gishiri don ya ci ribarsa. Sannan masu haɗa maganin saran maciji in za su matso dafi daga haƙoran maciji, shi ma milking suke kiransa.

Waɗanne karin magana ne ke da milk a ciki?

Wanda kowa ya sani shi ne no use crying over spilt milk, wato aikin gama ya gama, bakin alƙalami ya bushe, kuka ba zai dawo da abin ba. Turawan Ingila sun fi rubuta spilt, Amurkawa spilled, duk daidai ne.

Land of milk and honey ƙasa ce mai yalwa da albarka, asalin maganar daga Littafin Fitowa ne na Baibul, sura ta 3 aya ta 8, inda aka siffanta ƙasar da aka yi wa Bani Isra'ila alkawari. Yanzu 'yan jarida na yawan amfani da ita in suna magana kan masu tafiya ci-rani da ke zaton Turai ko Amurka ba wahala.

Milk of human kindness tausayi ne da taushin zuciya. Daga wasan kwaikwayon Macbeth na Shakespeare ta fito, kuma abin lura a can ba yabo ba ne, matar Macbeth ce ke ƙorafin mijinta tausayinsa ya yi yawa ba zai iya kisan da zai kai shi ga sarauta ba. Yau mutane sun juya ta ta zama yabo zalla.

Sai ƙanana. Milk run tafiya ce mai sauƙi ba haɗari ko wadda ake yi kullum ana tsayawa wuri-wuri, daga zagayen masu raba madara gida-gida ta fito, matuƙa jirgin sama suka yaɗa ta a yaƙin duniya na biyu. Milksop ragon namiji ne mara zuciya, asalinta burodin da aka jiƙa a madara, amma ta tsufa ba a cika jin ta ba.

Kalar milk fa, Turanci ne na gaskiya?

A Kantin Kwari ko wajen tela in ka ce shadda kalar milk kowa ya gane, fari ne da ya ɗan sirka da rawaya, kuma Turancin Najeriya ya karɓe ta, milk colour. Amma in kana sayayya a intanet daga waje ka nemi cream ko off-white ko ivory, su ne sunayen da suke sa wa wannan launin. Milky white a wajensu fari ne sosai, ba ruwan madarar da kake nufi ba.

Me yasa ake cewa coconut milk da soya milk bayan ba daga dabba suka fito ba?

Saboda tun da daɗewa Turanci na kiran duk wani farin ruwa mai kamar madara da wannan sunan. Ba sabon yayi ba ne, littattafan girki na Ingila na ƙarni na 14 cike suke da madarar almond, don lokacin azumin Kiristoci ba a cin abin da ya fito daga dabba. Mu ma ai muna cewa madarar waken suya, kunun aya kuma in za a saka masa suna a roba tiger nut milk ake rubutawa.

Sai dai maganar ta kai kotu. Masu kiwon shanu na ganin ana cin kasuwa da sunansu, a watan Yunin 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani kamfanin Jamus mai suna TofuTown cewa ba za a sayar da abin da aka yi da tsiro zalla da sunan milk ko butter ko cheese ba, in ban da 'yan kaɗan da doka ta ware tun farko kamar madarar kwakwa. Shi yasa a Turai zaka ga an rubuta soya drink ko oat drink a kwali. A Amurka kuma hukumar abinci da magunguna ta FDA ta fitar da daftarin shawara a Fabrairun 2023 inda ta bari a ci gaba da amfani da sunan, tana ganin masu saye sun san ba ta saniya ba ce. Ni a ganina sunan ba shi ne abin damuwa ba, abin damuwa shi ne uwa ta ɗauka abin da ke cikinsu ɗaya ne, alhali ba ɗaya ba ne.

Kalmomin da ke jikin gwangwani da leda, me suke nufi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mutane su riƙe, don a nan sanin kalmar ke taɓa aljihu da lafiya. Ka tsaya teburin mai shayi da safe ka duba, ga gwangwanin madarar ruwa ya huda masa ƙofa biyu da wuƙa, ga ledojin madarar gari a rataye, duk mu madara muke ce musu, amma rubutun jikinsu ya bambanta.

Evaporated milk ita ce madarar ruwa ta gwangwani, an dafa ta an ƙone kusan kashi 60 cikin 100 na ruwanta shi yasa ta yi kauri, ba a sa mata sikari ba. Irin ta Peak kenan da ta shigo Najeriya tun 1954. Condensed milk ita ma an rage ruwanta amma an zuba sikari mai yawa har tana danƙo, wani Ba'amurke Gail Borden ne ya yi rajistar hanyar yinta a 1856, lokacin ba firiji, sikarin ne ke hana ta lalacewa. Powdered milk ko milk powder madarar gari ce.

Full cream ko whole milk na nufin ba a cire man shanun da ke cikinta ba. Skimmed an yaɗe man, semi-skimmed an rage. Sai wadda ya kamata kowa ya lura da ita, filled milk ko fat filled, wannan an cire man shanun ne aka maye gurbinsa da man tsiro, galibi na kwakwar manja, shi yasa ta fi araha. Ba haramtacciya ba ce kuma ba guba ba ce, ana shan shayi da ita lafiya lau, amma in ka biya kuɗi ya kamata ka san me ka saya, kuma rubutun yawanci ƙanana ne a ƙasan sunan. Creamer kuma sau da yawa ba madara ba ce ma, man tsiro ne da sikari aka busar.

Pasteurised daga sunan Louis Pasteur ne, masanin Faransa na ƙarni na 19, ana ɗumama madarar zuwa digiri 72 na kamar daƙiƙa 15 don kashe ƙwayoyin cuta, kuma dole a ajiye ta a firiji. UHT zafin ya fi haka, digiri 135 zuwa sama na 'yan daƙiƙu, ita ce ta kwali da ke yin watanni a shago ba ta lalace ba matuƙar ba a buɗe ba. Raw milk ɗanyar madara ce da ba a dafa ba, in ka sayo irinta daga ruga ka tafasa kafin a sha, don tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wasu cututtukan.

Kuma don Allah, ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake ba jariri a madadin nonon uwa. Ta jarirai sunanta infant formula, haɗinta daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta nonon uwa zalla wata shida na farko.

Milk of magnesia akwai madara a ciki? Milk teeth fa?

Babu ko ɗigo, magani ne na ƙwannafi da taurin bayan gida, farinsa ne ya ja masa sunan. Milk teeth kuma haƙoran yarinta ne guda 20 da ke zubewa lokacin famfara.

Ya ake cewa ɗan'uwan shayarwa da Turanci?

Milk brother ko milk sister, dangantakar kuma milk kinship. Matar da ke shayar da ɗan wata, kamar yadda Halimatus Sa'adiyya ta shayar da Annabi (SAW), ita ce wet nurse. Wasu masu fassara na sa foster brother, amma wannan a Turancin yau ɗan riƙo yake nufi ko da ba a sha nono ɗaya ba, kuma tunda a Musulunci shayarwa na haramta aure riƙo kuwa ba ya haramtawa, in kana fassara abin da ya shafi aure ka tsaya kan milk brother, sannan ka ƙara jimla ɗaya ta bayani, don yawancin Turawa ba su san hukuncin ba.

Na ga lactose free a kwali, kuma ni in na sha madara cikina na kuka, akwai alaƙa?

Akwai. Jikin jariri na samar da wani sinadari mai suna lactase da ke narkar da sikarin madara, amma a mafi yawan mutanen duniya yana raguwa bayan yaye, sai madara ta riƙa sa kumburin ciki da iska ko gudawa. Al'ummomin da suka daɗe suna kiwo, kamar mutanen arewacin Turai da Fulani, su ne aka fi samun masu narkar da ita har girma. Lactose free madarar saniya ce dai, an zuba mata sinadarin ne ya farfasa sikarin tun a kamfani, dairy free kuma ba abin saniya a ciki sam. Da yawa masu wannan matsalar suna shan nono da kindirmo ba su ji komai ba, saboda tsamin da ya yi ya riga ya cinye wani kaso na sikarin. In kuma abin ya haɗa da ƙuraje ko kumburin baki ko numfashi na sarƙewa, musamman ga yaro, wannan ba lactose ba ne, milk allergy ake zargi, a daina ba shi a kai shi asibiti.